Hannu a sake ko adalci: me za a duba kafin a ba mutum ragamar gari?

Wani ɗalibi a jami'ar Marwa, ɗan Garwa, ya aiko da wannan tambaya: "Baba, a unguwarmu kowa yana yabon wani ɗan siyasa saboda hannunsa a sake yake. Yana biya wa marasa lafiya kuɗin asibiti, yana raba shinkafa da sukari da azumi, ya kuma yi wa masallacinmu rufi. Mahaifina ya ce wannan ya isa, ga shi kuma namu ne. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba. Kai da ka daɗe kana aiki a ofishin magajin gari, waɗanne halaye ne suke sa a ce shugaban siyasa nagari ne?"

Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ya ƙara wa mahaifinka lafiya. Ba zan ce maka mutumin da kuke yabo mugu ne ba, domin ban san shi ba, kuma wanda ya biya wa mara lafiya kuɗin magani ya yi alheri, ladansa yana wurin Allah. Sai dai duk abubuwan da ka lissafa ba su kai ga aikin shugabanci ba tukuna. Mai kyauta yana ba da abin da yake nasa, ga wanda ransa ya so, a ranar da ya ga dama. Shugaba kuwa an ɗora masa rabon dukiyar da ba tasa ba, tsakanin mutanen da wasunsu ma ba sa ƙaunarsa, kuma dukiyar ba ta taɓa isar kowa da kowa. A wurin wannan rabo ake gane shi. Na ƙare shekarun aikina ina rubuta kasafin kuɗi da takardun zaman majalisar gari, masu kujera sun zo sun wuce a gabana, kuma ban ga halin da yake raba nagari da lalatacce kamar wannan ba.

Bari in sauko maka da maganar ƙasa. Kamaru tana da komin, wato ƙananan hukumomi, 360. Tun daga 2019 gwamnati take ware wa kowace komin sefa miliyan 100 a shekara domin ayyukan raya gari, ban da abin da ake tarawa a kasuwa da tasha da kara, da kason da yake zuwa ta hannun FEICOM, asusun tallafa wa ƙananan hukumomi. A baki miliyan 100 tana da nauyi. Amma ka ɗauki biro ka fitar da kuɗin 'yan azuzuwa, da rijiyoyin burtsatse kaɗan, da kwalbati ɗaya, za ka ga kuɗin sun ƙare, ga ƙauyuka jere kowanne da kukansa. To, ranar da aka ajiye wa magajin gari takarda, ga ƙauyen dangin mahaifiyarsa da ke da famfo biyu yana neman na uku, ga kuma wani ƙauye can gindin dutse wanda bai ba shi ƙuri'a ba, inda mata suke tonon yashi a busasshen rafi tun asuba kafin su cika tulu ɗaya, ina zai kai rijiyar? Amsar da ya bayar a ranar, a cikin ofis, babu maroƙi babu mai ɗaukar hoto, ita ce halinsa.

Na yi aiki da wani magajin gari bayan kwalarar da ta yi mana ɓarna a yankin Arewa Mai Nisa a 2010. Da kuɗin rijiyoyi suka zo, bai tambayi shugabannin jam'iyyarsa ba. Ya aika aka kira masu kula da ƙananan asibitocin karkara, ya ce kowa ya kawo littafinsa, a duba ƙauyukan da suka fi kawo masu amai da gudawa. Nan ya sa aka haƙa. Mafi yawan ƙauyukan ba su zaɓe shi ba, wasu ma ba addininsu ɗaya da shi ba. Danginsa sun yi fushi, akwai waɗanda suka daina zuwa gaishe shi da salla. Mutumin nan ba shi da sakin hannu, ba ya iya magana mai daɗi a taro, amma har yau idan aka tambaye ni shugaba nagari, fuskarsa nake fara gani.

Kada ka ɗauka maganar rabo ta tsaya a kan famfo. A ƙasarmu ta arewa rashin adalci wajen ruwa da ƙasa jini yake zubarwa. Ka tuna abin da ya faru a Logon-Birni a 2021. Ruwa yana ja da baya a fadamar Logon, sai masunta da manoma Musgum suka riƙa haƙa manyan ramuka domin su tsare ruwa da kifi. Shanun Larabawan Shuwa kuma suna zuwa mashaya su faɗa cikin laka su karye ko su mutu. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa: wannan yana kare abincin 'ya'yansa, wancan yana kare garkensa. Faɗa ya ɓarke a watan Agusta, ya sake tashi a Disamba har ya kai cikin garin Kuseri. Hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga mutum 44 da suka mutu a tashin Disamba, an ƙona ƙauyuka 112, fiye da mutum 85,000 suka tsallaka kogi zuwa Chadi. Waɗannan ramuka ba a dare ɗaya aka haƙa su ba. An yi shekaru ana ganinsu, ana kai ƙara, ana jin gunaguni a kasuwa. Tun 1978 akwai dokar da ta kafa kwamitin sasanta manoma da makiyaya a kowace gunduma. Abin da ake nema shi ne mutumin da zai tara lamiɗo da lawanai da jaurori da wakilan masunta da na makiyaya tun da rani, a shata burtali, a ware mashaya, a faɗi inda aka yarda a haƙa da inda aka hana, sannan ya tsaya a kan abin da aka yanke ko da wanda ya karya dokar ɗan ƙabilarsa ne. Idan talaka ya tabbata cewa hukunci na mai kuɗi ne, ko na dangin mai kujera, ya daina kai ƙara, sai ya koma ya wasa mashi. Shugaban da zai zo da buhunan shinkafa bayan an ƙona gari ya yi abin kirki, amma wanda ya hana ƙonewar ya fi shi nesa ba kusa ba, ko da yake babu wanda zai yi masa waƙa, domin mutane ba sa ganin masifar da ba ta auku ba.

Akwai kuma zaluncin da ake yi ba da mugun nufi ba. A 1979 aka gina madatsar Maga domin noman shinkafa na kamfanin gwamnati SEMRY. Shinkafa ta samu, iyalai da yawa sun ci abinci. Amma madatsar da ganuwar da aka yi a gefen Logon sun tare ambaliyar da take shayar da fadama duk shekara, sai ciyawa ta ragu, kifi ya ragu, makiyaya da masuntan da suke can ƙasa suka shiga wahala. Sai a 1994 aka buɗe wata hanya aka mayar wa wani sashe na fadamar ruwansa. Darasin da na ɗauka daga nan shi ne, duk aikin da aka kawo wa shugaba ana yabonsa, tambayarsa ta farko ta zama: wa zai yi asara, kuma yana cikin ɗakin nan? Yawanci ba ya ciki. Ba ya jin Faransanci, ba shi da kuɗin mota zuwa gari, bai ma san ana taron ba.

Yanzu mu koma kan kyautar mutuminku, domin akwai tambayar da ya kamata ka yi cikin ladabi: daga ina kuɗin suke fitowa? Idan ɗan kasuwa ne da kowa ya san shagonsa da motocinsa tun kafin siyasa, madalla. Idan kuwa albashi ne kawai aka san shi da shi, kuma abin da yake rabawa a wata ɗaya ya ninka albashin shekara, to lissafi bai fita ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aiki wani mutum da ake kira Ibnul Lutbiyya karɓar zakka. Da ya dawo sai ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni. Annabi ya hau mumbari ya ce me ya hana shi zama a gidan mahaifinsa ko mahaifiyarsa ya ga ko za a kawo masa kyautar? Hadisin yana cikin Buhari da Muslim. Na ga yadda abin yake tafiya a aikace. Ɗan kwangila ya ba da kaso kafin a sa masa hannu, shi kuma ya fanshe a siminti da ƙarfe, bayan damina biyu bangon aji ya tsage, yara su koma ƙarƙashin darbejiya. Daga cikin kason nan ne wani lokaci ake sayen sukarin azumi. Mai karɓar sukarin bai san cewa ajin ɗansa aka sayar aka ba shi ba. Ban ce haka mutuminku yake yi ba, na ce ka bincika kafin ka yaba. Rufin masallaci kuwa, Allah mai tsarki ne, ba ya karɓar sai abu mai tsarki, kuma masallacin da ɗan siyasa ya rufa yakan yi wa liman nauyin baki ranar da ya kamata a faɗa masa gaskiya.

Hali na gaba da nake dubawa shi ne ko ana iya ganin mutum. Fiye da shekara 500 da suka wuce, Shehu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha kan mulki, yana ta maimaita masa cewa tushen kowace masifa shi ne sarki ya ɓuya daga talakawansa. Mu a nan mun san irin wannan ɓuya. Mutum ya ci zaɓe da sunan Mora ko Mokolo ko Yagwa, ya tare a Yawunde, sai ta'aziyyar babban mutum ko kamfe ke dawo da shi, a jirgi, ya kwana biyu ya koma. Wanda bai bi hanyar Mora zuwa Dabanga zuwa Kuseri da damina ba, bai ga manyan motoci sun kafe kwana da kwanaki da kayan mutane a ciki ba, ba zai yi maganarta a majalisa da zafin da ya kamata ba. Ganin ma ba shi kaɗai ba ne. Akwai mai zama a gari amma ƙofarsa cike da fadawa, ba mai isa gare shi sai wanda zai ce ranka ya daɗe, komai lafiya. Ka duba mutanen da suke kewaye da ɗan takara. Idan a cikinsu babu ko mutum ɗaya da zai iya ce masa "wannan ba daidai ba ne" ya kuma kwana da muƙaminsa, to ranar da gari zai kama da wuta shi ne na ƙarshe da zai ji labari.

Maƙwabtanmu na Chadi sun biya wannan da tsada. A 1965, zamanin shugaban ƙasa Tombalbaye, mutanen Mangalme a yankin Gera suka tayar wa masu karɓar haraji saboda an matsa musu fiye da ƙima. Maimakon a saurari kukansu a rage musu kaya, sai aka amsa da bindiga. Shekara ɗaya bayan nan aka kafa ƙungiyar 'yan tawaye ta FROLINAT, ƙasar ta shiga yaƙin da ya ci shekaru masu yawa. Daga baya Hissène Habré ya riƙe ƙasar daga 1982 zuwa 1990 da hannun ƙarfe, mutane suna tsoron ko da ambaton sunansa, ƙarshensa kotu a Dakar ta yanke masa ɗaurin rai da rai a 2016. Ina kawo maka wannan ne saboda na sha jin matasa suna cewa mu mai ƙarfi muke so, wanda za a ji tsoronsa. Tsoro yana sa mutane su yi shiru, ba ya sa su yarda, kuma shirun da aka tara yakan fashe a kan 'ya'yan da ba su san yadda aka fara ba.

Ko a gidanmu ma ya kamata mu iya auna mutum da ma'auni biyu a lokaci ɗaya. Ahmadu Ahijo ɗan Garwa ne, an haife shi a 1924, ya mulki Kamaru daga 1960 zuwa 1982. A zamaninsa jirgin ƙasa ya iso Ngaundare a 1974, a shekarar aka kafa kamfanin auduga na SODECOTON, a zamaninsa aka gina madatsar Lagdo a kan Binuwai wadda arewa ta daɗe tana samun wutar lantarki daga gare ta. Ya kuma yi abin da shugabannin Afirka kaɗan ne suka yi a lokacin: ya sauka da kansa a Nuwamban 1982. Dattawanmu suna kewarsa, kuma na san dalili. Amma shi ne kuma ya kawo dokar 1962 da aka riƙa kama masu sukar gwamnati da ita, ya mayar da ƙasar ta jam'iyya ɗaya a 1966, an kuma tsare mutane a kurkukun Collire ba tare da shari'a ba. Hangen nesansa abin koyi ne, toshe bakin mutane da ya yi kuwa ba abin koyi ba ne, kuma ɗan siyasar da ya gaji na biyun bai gaji na farkon ba ya cuce mu sau biyu. Tun da na ambaci Lagdo, ka lura da wani abu: gini yana da biki, gyara ba shi da shi. Ka zaga ƙauyuka ka ƙirga famfunan da suka mutu saboda ƙaramin ƙarfe ɗaya. Shugaban da yake sa kuɗin gyara a kasafi, ya kafa kwamitin kula da famfo, ya horar da mai gyara a kusa, ya fi mai sabon allo da sunansa a kowace mararraba.

Magabatanmu ba su bar mu cikin duhu a wannan fanni ba. Masarautun Garwa da Marwa da Ngaundare da Rai Buba duk suna da alaƙa da tutar da Modibbo Adama ya karɓo daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, kuma Shehu a Kitabul Farƙi ya ce mulki yana tsayawa a kan abu biyar: kada a ba da shi ga mai nemansa, a riƙi shawara, a bar tsanani, a yi adalci, a kyautata. Na farkon yana da wuya a zamanin zaɓe, tun da dole mutum ya fito ya ce a zaɓe ni. Amma ma'anar ba ta ɓace ba. Akwai mai neman kujera domin akwai aikin da yake ci masa rai, idan ka tambaye shi zai faɗa maka unguwa da unguwa, da kuɗin da aikin zai ci, da inda za a samo su. Akwai kuma wanda kujerar ce kawai a ransa, zai sayi matasa da ƙwaya, zai haɗa ƙabila da ƙabila, zai yarda gari ya ƙone muddin shi ne zai hau kan tokar. Wanda ya zubar da mutuncin wasu kafin ya samu, ba zai tsare naka ba bayan ya samu.

Sai maganar mahaifinka cewa namu ne. Ka saurare shi da girmamawa, domin ba daga banza ya faɗa ba. Mutanen zamaninsa sun ga yadda takarda take kwana a ofis idan ba ka da kowa a ciki. Amma ka duba matsayinmu mu Hausawa a wannan yanki. Muna cikin kowane gari, a kasuwa, a mahauta, a tasha, a makarantun allo, amma da wuya ka sami komin da mu ne masu rinjaye. Muna zaune da Fulani, Kanuri, Kotoko, Mafa, Tupuri, Masa, Mundang, Giziga, Musulmi da Kirista da masu addinin gargajiya. Idan "namu ne" ya zama ma'aunin kowa, mu ne za mu fara shan kashi, domin kowa yana da nasa kuma sun fi mu yawa. Abin da yake kare rumfar mahaifinka a kasuwa ranar da za a sake rabon rumfuna shi ne magajin garin da ba ya tambayar ɗan wane ne kafin ya sa hannu. Dokar zaɓe ma ta ce jerin 'yan takarar majalisar gari ya ƙunshi al'ummomin da suke zaune a wurin. Ka duba ko ɗan takara ya cika wannan da gaske, ko kuwa ya ɗauko sunaye ne kawai domin takarda ta wuce.

Ba zan tsawaita kan jaruntaka ba, mutanen Kolofata da Fotokol da Amcide sun fi ni sanin waɗanda suka zauna tare da su lokacin da Boko Haram ta matsa daga 2014, da waɗanda suka kwashe iyalansu suka bar 'yan sintiri da kwari da baka. Ilimi ma ana bukatarsa gwargwado: ya iya karanta kasafi da kansa kada akawu ya juya shi, ya iya zama da prefe, wakilin gwamnati a yankin, ya kare garinsa da hujja, ya kuma iya juyowa ya bayyana wa tsohuwa abin da aka yanke da Fulatanci ko Hausa ko harshen da take ji. Digiri ba sharaɗi ba ne. Na ga mai digiri da bai san farashin buhun dawa ba.

Kai ɗalibi ne, saboda haka ga aikin da za ka iya yi da kanka. Dokar ƙananan hukumomi ta Disamban 2019 ta ba duk mazaunin komin damar neman ganin kasafin kuɗi da takardun zaman majalisa da lissafin ƙarshen shekara, ya ma yi kwafi da kuɗinsa. Idan mutuminku ya taɓa riƙe kujera, ka nemi kasafin shekara ɗaya da lissafin da aka rufe ta da shi, ka ajiye su gefe da gefe. Ka zaɓi aiki uku da aka rubuta an gama, ka hau babur ka je ka gani da idonka: famfon yana ba da ruwa, ajin yana da benci, kuma a ƙauyen wa aka yi su? Idan bai taɓa riƙe kujera ba, ya taɓa riƙe wani abu: kuɗin ƙungiyar iyayen yara, asusun manoman auduga, kwamitin masallaci, gadon marayun gidansu. Ka tambayi waɗanda suka zuba kuɗin yadda aka rabu, su ne za su ba ka labarin da masu cin kyautarsa ba su sani ba. Zaman majalisar gari kuma a buɗe yake ga jama'a. Ka ɗauki abokanka biyu ku je ku zauna a baya ranar da ake muhawarar kasafi, ku lura da yadda yake amsa wa kansilan da ya yi masa tambaya mai zafi, da ko ya kawo takarda ko kuwa tsawa ya yi.